Mata Da Aikin Ƙididdigar Gini: Kira Ga Iyaye Mazauna Kudu

Babu wani babban gini da ake tayarwa a Ikko ko Badun ko Fatakwal wanda za a rasa gumin ɗan Arewa a cikinsa. Shi ne mai haƙan harsashi, shi ne mai sauke siminti daga mota, shi ne mai jido ruwa a kura, kuma idan dare ya yi kowa ya watse, shi ne mai gadin da ake bar wa amanar rodi da katako na miliyoyin naira. Amma a cikin ɗan ofishin nan na katako da ake kafawa a gefen gini, inda ake buɗe takardu ana lissafin abin da aka kashe da abin da ya rage, da wuya a ji ana magana da Hausa. Irin wannan ne Hausawa ke kira kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A cikin masu zama wannan ofis akwai wani ma'aikaci da jama'a da yawa ba su san da zamansa ba, alhali kuwa ko kwabo ba ya fita sai da sa hannunsa, watau mai ƙididdigar gini. Sau da yawa akan rikita shi da safiyo, domin sunayensu sun yi kama da juna a bakin Turawa, amma aikinsu ya sha bamban. Safiyo ƙasa yake aunawa ya kafa duwatsun iyaka. Mai zane shi ke fitar da siffar gida a takarda, injiniya kuma ya faɗi kaurin ginshiƙi da yawan rodin da zai ɗauki nauyin bene. Shi kuwa mai ƙididdiga sai ya karɓi waɗannan zane-zane, ya bi su layi layi, ya fitar da adadin bulo da siminti da yashi da tsakuwa da kwano da ƙusa, ya haɗa da ladan magini da na kafinta da na lebura, sa'an nan ya sa wa kowane abu farashinsa a cikin kundi guda. Da wannan kundi ne 'yan kwangila ke yin takara, da shi ne kuma ake gane wanda ya tsawwala da wanda ya karya farashi don kawai ya sami shiga. Bayan an fara aiki, shi ne zai riƙa zuwa wata-wata yana auna abin da aka gina a zahiri, domin a biya ɗan kwangila daidai da abin da ya yi. Shi ke lissafa canjin da mai gida ya kawo a tsakiyar aiki. Shi ke riƙe wani ɗan kaso na kuɗin, yawanci kashi 5 cikin 100, har sai an tabbata rufi ba ya yoyo kuma bango bai tsage ba. A ƙarshe shi ke rufe lissafi.

Ga misali mai sauƙi, don mai karatu ya ga ba wani tsafi ba ne. Bangon da tsawonsa ya kai mita 10, tsayinsa mita 3, faɗin fuskarsa murabba'in mita 30 ke nan. Bulon da aka saba bugawa a ƙasar nan, guda 10 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, saboda haka bangon zai ci bulo 300. Idan akwai ƙofa guda da taga guda, sai a cire wajen bulo 33, kana a ƙara kaɗan saboda waɗanda za su farfashe wajen saukewa. To, magini ya zo ya ce a sayo masa 450, ina sauran za su? Haka kuma tan ɗaya na rodi mai kaurin milimita 12 ya kamata a ƙirga sanda wajen 94 a cikinsa, kowace mai tsawon mita 12. Wanda ya san wannan, ba a kawo masa sanda 80 a ce masa tan ya cika. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai kimar ido ba ta gina bene hawa goma.

Tsofaffin mazauna Ikko ba su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da ma'aikatun Gwamnatin Tarayya suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, mafi yawansa da sunan Ma'aikatar Tsaro, alhali tashar jiragen ruwa ta Apapa ba ta da ƙarfin sauke ko kusa da haka. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a kan teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira kullum, siminti yana daskarewa a cikinsu, sauran kayan masarufi kuma suka rasa hanyar shigowa. Akwai haɗama a cikin wannan al'amari, ko shakka babu, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ita ce rashin wanda zai tsaya ya ce ga iyakar abin da ake bukata. Bayan shekara 36, a 2011, kwamitin da Shugaban Ƙasa ya naɗa a ƙarƙashin Alhaji Ibrahim Bunu ya ƙirga ayyukan Gwamnatin Tarayya 11,886 da aka fara ba a gama ba. Ƙasar da ke da irin wannan ciwo ba ta da dalilin da za ta ce rabin 'ya'yanta su koma gefe idan ana maganar lissafin gini.

Amma kuwa abin da ya daɗe yana faruwa ke nan, kuma ba a Nijeriya aka fara ba. Wannan sana'a daga Ingila ta zo. Babbar ƙungiyar masu awo da ƙiyasi ta can, wadda aka kafa a Landan a 1868, ba ta ga macen da ta ci jarrabawarta ba sai a 1922, watau Irene Barclay, kuma sai da ta shekara 146 kafin mace ta hau kujerar shugabancinta a 2014. Bayan shekara biyu wata macen, Amanda Clack, wadda ita ainihin mai ƙididdigar gini ce, ta sake hawa. A nan gida, waɗansu 'yan Nijeriya da suka yi karatu a Ingila ne suka kafa Ƙungiyar Masu Ƙididdigar Gini ta Nijeriya, NIQS, a 1969, kuma dokar soja mai lamba 31 ta 1986 ta kafa hukumar da ke yi musu rajista, ta yadda ba kowa ne zai wayi gari ya kira kansa da wannan suna ba. A 2015 ne ƙungiyar ta sami shugaba mace ta farko, Uwargida Mercy Iyortyer, 'yar Jihar Binuwai. Shekara 46 ke nan, watau Nijeriya ta riga malamanta da shekara ɗari cif idan aka ƙirga daga ranar kafawa. Matan da ke cikin sana'ar suna da ƙungiyarsu a ƙarƙashin uwar ƙungiya, suna shiga makarantun 'yan mata suna wayar musu da kai. Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya ma ta bi sahu a farkon 2024, inda Uwargida Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta shugabance ta.

Abin lura a nan shi ne, wannan ilmi ba baƙo ba ne a Arewa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana cikin na farko-farkon da suka koyar da shi a matakin digiri, tun farkon shekarun 1970. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta daɗe tana yaye ɗalibai a kansa, haka nan ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano, da jami'o'in fasaha na Minna da Bauchi. 'Yan Arewa maza sun yi fice a cikinsa har sun shugabanci ƙungiyar ta ƙasa baki ɗaya, kamar Alhaji Murtala Aliyu na Gombe. Wanda ke zaune a Kudu kuwa, ga Kwalejin Fasaha ta Yaba a bakin ƙofarsa, ga Jami'ar Ikko, ga ta Ile-Ife, ga ta fasaha a Akure. Makarantu dai ba su yi ƙaranci ba. Duk da haka, wanda ya leƙa ajin ƙididdigar gini a Yaba ko Akoka ya nemi 'yar Agege ko 'yar Idi-Araba ko 'yar Sabon Badun wadda iyayenta suka fito daga Sakkwato ko Katsina ko Haɗeja, zai sha wahala kafin ya same ta. 'Yan matan nan a nan aka haife su, sun yi firamare da sakandare tare da 'ya'yan Yarabawa da na Ibo, suna jin harshe uku ko huɗu, da yawansu kuma su ne ke zuwa na ɗaya a darasin lissafi. Ina suke maƙalewa?

Amsar farko da akan ji daga bakin iyaye ita ce wai gini ba wurin mace ba ne. Wannan magana tana da ban mamaki idan ta fito daga bakin mutumin da ke aiki a wurin gini a Kudu, domin shi ya fi kowa sanin su wa ke ɗaukar kankare ranar da ake zuba dakin. A Badun da Abekuta, har ma a Jos, mata ne ke jerin gwano da kwanon sarki a ka, suna hawa tsanin katako hawa biyu hawa uku tun safe har la'asar, waɗansu ma da goyo a ajiye a inuwa. A wuraren fasa dutse kuwa mata ne ke zaune cikin rana da guduma. Ba a taɓa jin wani ya tsayar da aiki ya ce wurin bai dace da su ba. Ashe sai an zo kan kujera da alƙalami da albashi mai tsoka ne ake tuna cewa mace ba ta da ƙarfin gini?

Ko a gargajiyar Bahaushe ma, gini bai taɓa kammala ba sai da hannun mata. Magina maza su ne ke kwaɓa ƙasa su yi tubali su ɗaga bango su ɗora azara, a ƙarƙashin Sarkin Magina, kuma a cikinsu aka sami irin su Babban Gwani Mika'ilu wanda ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya a ƙarni na 19. Amma idan suka sauko daga kan soro, sai a kira mata su yi daɓe. Su ne ke taruwa da maɗaɓai, su baza tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba, su yi ta bugu suna waƙa har ƙasan ɗaki ya yi sumul ya yi ƙarfi kamar dutse. Babbar da ke jagorantar daɓe ta san yawan tsakuwar da ɗaki zai ci da yawan matan da za a gayyato da yawan abincin da za a dafa musu. Siminti ne ya zo ya kashe daɓe, ya kuma fitar da mata daga sana'ar da suke da gado a cikinta.

Batun lissafi kuwa, ba ya bukatar dogon bayani. Tun da aka kafa unguwar Sabo a Badun a 1916, matan aure ke gudanar da ciniki daga cikin ɗakunansu, suna sayar da tuwo da fura da ƙosai ga dubban baƙi da fatake, ba tare da sun taka bakin zaure ba. Uwar adashi tana riƙe da zubin mutum ashirin ko talatin a ka, ta san wadda ta kwasa da wadda ke bi da wadda ta yi fashi. Yarinya 'yar shekara goma takan dawo daga talla da magariba ta zauna gaban uwarta ta ba da lissafi, ga na ciniki, ga bashin da ke wurin mai shayi, ga abin da ya yi kwantai, kuma idan naira goma ta ɓata sai ta faɗi inda ta shiga. Uwa kuma takan shekara bakwai tana tara kayan ɗakin 'yarta, tana sayen wannan idan ya yi araha, tana jinkirta wancan. Duk wannan ƙididdiga ce da ƙiyasi da tsimi, abubuwa ukun da sana'ar ta ginu a kansu. Bambancin kawai shi ne, wata an kai ta makaranta ta koyi yin sa a kan bene hawa ashirin, wata kuma an bar ta da faranti.

Akwai masu cewa abin da suke gudu shi ne cuɗanya da maza, kuma wannan damuwa ce da ya kamata a saurara da mutunci, domin uba mai kishin 'yarsa ba abin zargi ba ne. Sai dai ya kamata a san yadda aikin yake. A cikin dukkan sana'o'in gini, wannan ita ce ta fi zama a ofis. Yawancin kwanakin mai ƙididdiga a gaban tebur suke ƙarewa, tana auna zane, a da da ma'auni da fensir, yanzu kuwa a kwamfuta. Zuwa wurin gini yakan kasance ne lokacin auna aikin wata ko taron masu ruwa da tsaki, da rana tsaka, a gaban jama'a. Hular kwano tana zama daram a kan hijabi, takalmin aiki kuma bai hana doguwar riga ba. Ba ita ke ba leburori umurni ba, balle a ce ba za su ji maganar mace ba. Da takarda take magana, ɗan kwangilar da ya raina ta kuwa zai gane kurensa ranar da ya je karɓar kuɗi aka ce sai ta sa hannu. Idan aka kwatanta da aikin jinya, wanda iyaye da yawa suka amince da shi, inda ake kwana a asibiti ana duba maza da mata, sai a ga wannan ya fi sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba. Daɗin daɗawa, wadda ta sami rajista tana iya buɗe ofishinta a cikin gidan mijinta, a kawo mata zane ta fitar da kundi a biya ta.

Wannan ya kawo maganar wata bukata da ke cikin al'ummar Hausawa kanta. Mata da yawa suna da dukiya tasu ta kansu, ta gado ko ta sana'a, kuma abin da suka fi so su yi da ita shi ne su sayi fili su gina gidan haya. Irin wannan hajiya ba za ta zauna da ɗan kwangila su yi ta ciniki ba, sai ta wakilta ƙane ko ɗa ko wani yaron gida, daga nan kuma sai abin da aka gaya mata. Da akwai mace mai wannan ilmi, da sai ta yi sallama ta shiga har ɗaki inda aka rubuta ba shiga, ta shimfiɗa takarda a kan tabarma, ta nuna mata dalla-dalla abin da kuɗinta zai iya da abin da ba zai iya ba.

Su ma mazan ba su tsira ba. Wane ne a cikin mazauna Kudu bai san labarin ginin gida ba? Mutum ya shekara goma sha biyar yana sayar da tumatir a Mile 12, ko yana canji, ko yana bin shanu a kara, yana aika kuɗi gida a kai a kai don a gina masa inda zai sa haƙarƙarinsa idan ƙarfi ya ƙare. Duk lokacin da ya buga waya sai a ce aiki yana tafiya. Ranar da ya je ganin gida da Babbar Salla sai ya tarar gini ya tsaya a linta, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki, ɗan'uwan da aka ba amana kuwa ya yi sabon babur. Ba kullum ne cin amana ke jawo haka ba. Sau da yawa tun farko ba wanda ya zauna ya lissafa abin da ginin zai ci, an dai fara da bismilla da fatan alheri, sai farashi ya tashi ya bar su a hanya. Buhun simintin da bai kai naira 5,000 ba a wurare da yawa a farkon 2023, ya haura naira 10,000 a watan Fabrairu na 2024, bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira. Zumunci nawa ne ya lalace a kan irin wannan? Masallatai da makarantun Islamiyya nawa ne a unguwannin Hausawa suka tsaya cak, jama'a suna zargin kwamiti, kwamiti yana rantsuwa, ba kuwa wata takarda da za a buɗe ta raba gardama? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mutumin da 'yarsa ta cikinsa ta iya wannan aiki ya huta da yawan wannan baƙin ciki.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu, mafi yawansu ma'aikata masu neman abin kai wa bakin salati. Tabbatar da ƙarfin gini aikin injiniya ne, kada a ɗora wa mai ƙididdiga abin da ba nasa ba. Amma kowane magini ya san inda ɓarna takan fara a gine-gine da yawa: idan aka karɓi kwangila a kan kuɗin da ba zai isa ba, a jikin ginin ake fanshewa. Kwaɓin da aka ce siminti kashi ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, sai a tsinka shi. Buhun da ya kamata ya ba da bulo talatin sai a matse shi ya ba da hamsin. Rodi mai kauri sai a musanya shi da siriri. Wanda ke ƙarƙashin dakin ɗin lokacin da zai sauko kuwa, ba mai kwangilar ba ne.

Kada kuma a ɗauka ana cewa mace waliyyiya ce, ko kuwa da zarar mata sun shiga sai cuwa-cuwa ta ƙare. Mace tana iya karɓar na goro ta ƙara sifiri kamar yadda namiji ke yi, kuma wadda ta yi haka hukumar rajista tana da ikon soke sunanta kamar kowa. Hujjar ba ta wuce wannan ba: ƙwaƙwalwar lissafi Allah bai keɓe ta ga jinsi guda ba, al'ummar da ke da ƙarancin masu ilmin zamani kuwa ba ta da rarar da za ta zubar.

Haka nan ba daidai ba ne a ɓoye wa iyaye wahalar da ke ciki. Karatun yana da tsawo, shekara biyar a yawancin jami'o'i, ko kuwa shekara biyu na ƙaramar difloma da shekarar koyon aiki da wasu biyu na babbar difloma, sa'an nan bautar ƙasa, sa'an nan shekarun gogewa a ƙarƙashin wani gwani kafin a zauna jarrabawar ƙungiya a sami rajista. A cikin wannan tsawon lokaci maganar aure za ta taso, kuma a nan ne da yawa ke yankewa, ko da yake jami'o'in Arewa cike suke da matan aure masu zuwa aji daga ɗakunansu, abin da ke nuna cewa sharaɗi ne kawai da za a iya gindaya wa mai neman aure tun kafin a sa rana. Matan da ke cikin aikin suna kukan cewa waɗansu kamfanoni ba sa son ɗaukar sabuwar amarya don gudun hutun haihuwa, cewa wuraren gini da yawa ba su da ko makewayin da mace za ta shiga, cewa akwai manyan da ba su iya bakinsu ba, akwai kuma 'yan kwangilar da ke ganin mace ta fi sauƙin tsoratarwa idan ta ƙi amincewa da aikin da ba a yi ba. Waɗannan laifin masu kamfanoni ne da shugabannin sana'ar, kuma a wuyansu gyaran yake. Gwamnatin Jihar Ikko ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida tun 2014 ba ta kuwa durƙushe ba, saboda haka kamfanin da ke gina bene na biliyoyin naira ba shi da bakin cewa makewayi guda da hutun 'yan watanni za su karya shi.

Sarakunan Hausawa na Agege da Sabo da Shagamu da sauran zango-zango, tare da shugabannin kasuwanni, suna da abin yi a nan wanda bai fi ƙarfinsu ba. Su ne ke tara kuɗin gina masallaci da rumfuna da makaranta, su ne kuma manyan 'yan kwangila ke zuwa gaishe su idan ana neman leburori ko ana neman ƙuri'a. Ɗalibar ƙididdigar gini tilas ne ta yi watanni tana koyon aiki a wani kamfani kafin ta gama, samun wurin kuwa sai da wanda ya san wani. Kalma ɗaya daga bakin Sarki ta isa ta buɗe wa yarinya wannan ƙofa. Attajiran da ke kai mutum goma aikin Hajji kowace shekara, kuɗin kujera guda zai ɗauki nauyin karatun yarinya mai ƙwazo ya yi saura.

Akwai wata dama kuma da mazauna Kudu da yawa ke sakaci da ita. A tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in Tarayya, kashi 45 cikin 100 na gurabe na waɗanda suka fi cin jarrabawa ne, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma an keɓe shi ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, waɗanda kusan dukkan jihohin Arewa suna cikinsu. Yarinyar da aka haifa a Obalende ba za a ba ta takardar 'yar asalin Ikko ba ko da kakanta ne ya zo garin, amma tana da hakki a wancan kashi 20 da kuma tallafin karatu na jihar iyayenta, muddin tana riƙe da takardar shaidar ƙaramar hukumarsu ta asali. Uba nawa ne ke tuna wannan takarda kafin ranar da aka ce gobe za a rufe? Abu ne da za a iya karɓowa a tafiyar Salla guda, tun yarinya tana ƙaramar sakandare.

Sai dai duk wannan yana rataye ne a kan wata rana guda wadda yawanci takan wuce ba tare da uba ya sani ba, watau ranar da yarinya ta shiga aji ɗaya na babbar sakandare, tana da shekara 14 ko 15, aka raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci. Ba a karɓar ɗalibi a sashen ƙididdigar gini sai ya ci darussa biyar da kyakkyawan sakamako a jarrabawar WAEC ko NECO, a cikinsu har da Turanci da Lissafi da Fiziks, kuma Lissafi da Fiziks suna cikin abin da zai rubuta a jarrabawar JAMB. Wadda aka tura ajin adabi don kawai malami ya ga 'yar Hausawa ce, ya ɗauka aure za a yi mata kafin ta gama, ta rabu da Fiziks ke nan, ƙofar kuma ta rufe shekara uku kafin a zo maganar jami'a. Ana yin wannan rabo ne a farkon zangon karatu, wajen watan Satumba, kuma shugabannin makarantu sukan saurari uban da ya bar rumfarsa na sa'a guda ya zo da kansa, da sakamakon 'yarsa a hannu, ya ce ajin kimiyya yake so a sa ta.